Garkuwar Kwastoma

Duk wanda kujerarsa ta taɓa lotsawa a layin nan ya san ƙofar Baba Kushin. Sunan ba iyayensa suka raɗa masa ba, sana'a ce ta liƙa masa, ya kuwa manne, har jikokinsa ma in sun kira waya haka suke ce masa. Shagon ɗan tsukuku ne a gaban gidansa, cike da soso da ragowar yadi da ƙafafun kujeru marasa 'yan'uwa, ga warin gam da ya riga ya kama bango. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, kullum da tef a wuya da alli a bayan kunne. In yana aiki ƙusoshi na jere a leɓensa, don haka da gira yake amsa gaisuwa. Ba shi da yawan magana, amma kuskure ka kawo masa kujera ka ce ɗan faci kawai za a yi mata, sai ya tofar da ƙusoshin a tafin hannu ya karanto maka duk wulaƙancin da kai da 'ya'yanka kuka yi mata.

Shi kuwa karensa, da ƙafarsa ya zo. Wata rana ana ruwan sama, shekarun baya, Baba ya juya zai ɗauki almakashi sai ya ga wani ɗan kwikwiyo ja, jiƙe sharkaf, ya haye doguwar kujerar da aka kawo gyara ya miƙe abinsa. Mai walda na shagon kusa ya leƙo ya ce, "Baba, ka yi kwastoma." Shi ke nan suna ya zauna. Matar Baba ta yi faɗa har ta gaji, ta rantse abin nan ba zai taka mata tsakar gida ba, amma kafin wata ya zagayo ita ce da kanta ta ware masa kwano.

Bara ta rasu, Allah ya jiƙanta. 'Ya'ya duk sun yi nisa, kowa da hidimarsa. Autarsu kan kira shi kusan kullum ta ce, "Baba, ya jikin? Kana cin abinci kuwa?" Shi kuma amsarsa ɗaya ce, "Lafiya ƙalau, har na ƙoshi." Gida ya zama daga shi sai Kwastoma, wanda shi ma tsufa ya cim masa, baki ya yi furfura, tafiya sai a hankali. Da shi Baba yake hira. Shi yake gaya wa wanda ya kawo kujera da ƙazanta, da wanda ya zaɓi yadi marar kan gado, kare kuwa ya saurara da kunne ɗaya a ɗage, bai taɓa musa masa ba.

Sai ga sanyin bana, kuma bai zo da wasa ba. Ruwan bokiti ya koma kamar ƙanƙara, siminti ba ya takuwa da ƙafa tsirara, in mutum ya yi magana da safe tururi ke fita daga bakinsa. Kwastoma ya fara tari, wani busasshen tari mai ban tausayi, ya daina tashi tarbar mutane, wutsiyar ma sai ya ɗan buga ta a ƙasa don kada a ce bai gaisa ba. Hankalin Baba ya tashi. Ya ari baron mai walda, ya shimfiɗa soso a ciki, ya kwantar da shi, ya tura har asibitin dabbobi.

Likitar yarinya ce sa'ar autarsa, mai tabarau da saurin magana, ranar kuma mutane sun yi mata yawa. Ta dudduba shi, ta yi masa allura, ta ce, "Baba, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ga tsufa ga sanyi. In ba a ƙarfafa masa garkuwa ba, sanyin nan zai iya tafiya da shi."

Ta ci gaba da bayani, kuma don Allah kada a ga laifinta, ta faɗi abubuwa da yawa. To amma kunnen Baba na hagu guduma ta daɗe da cinye shi, na daman kuma tun daga "tafiya da shi" ya rufe. Gyaɗa kai kawai yake yi. Kalma ɗaya ya fito da ita daga ɗakin nan, ya riƙe ta gam har gida: garkuwa.

Garkuwa kuwa ai ba baƙon abu ba ce a wurin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana yi wa katako sutura. Abin da ake tare jiki da shi ne, kada wani abu ya shiga. To in dai wannan ne, an zo gidan. Ya ture aikin mutane gefe, ya ciro tef daga wuya ya auna kare daga wuya zuwa gindin wutsiya, ya auna ƙirji, ya auna ciki. Ya zaɓo soso mai kauri, wanda ko manyan kwastomomi sai ya ga dama yake sa musu. Ya ɗauko wani yadi mai laushi mai furanni da ya ɓoye tun tuni, ya hau keken ɗinki. Ya sa zif a ƙarƙashin ciki, ya bar kafofin ƙafafu, kuma da yake hannu ya saba, sai da ya danna maɓallai a baya, jere reras.

Da mai walda ya gani, sai da ya ajiye ƙarfen da ke hannunsa ya dafa bango. "Wayyo cikina! Baba, saura ƙafafun katako ka sa masa, mu kai shi falo!"

"Yi dariyarka," in ji Baba. "Likita ce ta ce."

"Likita ta ce ka mai da kare kujera?"

"Ta ce garkuwa. Kai me ka sani ban da tartsatsi?"

Gaskiya Kwastoma ya koma wata 'yar kujera mai wutsiya. Yara na wucewa suna nuna shi, wata mata ma har ta tambaya ko ana yin irinta ta jarirai. Baba bai kula kowa ba. Ya haɗa masa gado da katako don ya raba shi da siminti, ya hana shi fita ko nan da ƙofa, kada iska ta buge shi. Rigar kuma ba ya cire ta, don a ganinsa buɗe zif ɗin nan buɗe wa sanyi ƙofa ne. Duk sanda ya dube shi ya gan shi ɓul-ɓul cikin furanni sai ya ji sanyi a ransa, ya ce ai ga shi nan har ya fara murmurewa.

Ina! Soso ne ya yi ƙiba, ba kare ba.

Wata safiya ya buɗe shago ya ce, "Kwastoma, an tashi lafiya?" Shiru. Ko wutsiyar ba ta motsa ba, ido kawai ya juyo. Baba ya durƙusa, ya ji rigar da danshi, don duk ruwan da karen ya sha ya ɗiga soso na tsotsewa ya riƙe. Ya ja zif. Sai ga haƙarƙari a fili, ciki ya shige, fatar hammata ta yi ja ta saɓule. Ya daɗe a durƙushe da rigar a hannu. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da aka fito daga ɗakin matarsa aka dafa kafaɗarsa.

Wannan karon mai walda ne ya tura baron, kuma bai yi zolaya ko ɗaya ba a hanya.

Da likita ta ga rigar dariya ta taso mata, har ta kai hannu baki. Sai ta dubi fuskar tsohon, ta haɗiye abarta. Ta jujjuya rigar, ta shafa ɗinkin. "Kai ka yi wannan, Baba?"

"Ke kika ce garkuwa, 'yata."

Ta jawo kujera ta zauna ta ɓangaren kunnensa mai ji, ta rage sauri. "Laifina ne da ban tsaya na tabbatar ka gane ba. Garkuwar da nake nufi a ciki take, cikin jini. Ita ke yaƙi da cuta in ta shigo. Ba ɗinka ta ake yi ba, Baba, cin ta ake yi." Ta ɗaga leɓen karen ta nuna masa dasashi, ya yi fari fat. "Me yake ci?"

"Abin da nake ci."

"To kai me kake ci?"

"Burodi da shayi."

"Da rana fa?"

Baba ya dubi rufin ɗaki. "Burodin dai."

Ba ta tambayi na dare ba. Idonta ya sauka kan bel ɗinsa, inda ya huda sababbin kafofi da abin huda fatar kujera, tsaf-tsaf, kowace da tazararta. Mai walda, da ke tsaye bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai. Shi ma ya sani, tun rasuwar maman yara ba a ƙara ɗora tukunya a gidan nan ba. Matar mai waldan ta sha aikawa da kwano, Baba ya yi godiya ya ce ya riga ya ci.

Likita ta wanke wa karen fatar, ta shafa magani, ta ƙara masa ruwa ta jijiya. Ta ce gadon katakon nan dabara ce mai kyau, a bar shi. Riga kuma a yi marar nauyi, a riƙa cirewa ana shanyawa. In rana ta fito a fitar da shi ya ɗan taka, ko zuwa ƙarshen layi ne. Ruwan sha mai ɗumi. Maganin tsutsa da allurar riga-kafi sai ya ɗan yi ƙarfi tukuna.

"Amma duk wannan bayan abinci ne," ta ce. "Shinkafa mai laushi da hanta, ko kifi a cire ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Ban da albasa, ban da barkono, gishiri ma kada ka sa. In ya ci yau da gobe, muna da fata. In bai ci ba, Baba, ba zan ɓoye maka ba."

Mai walda ya biya kasuwa ya sayo hanta. Ya ce bari matarsa ta dafa, Baba ya ce a'a, karensa ne. Baba ya tsaya a ƙofar kicin da ledar a hannu, ya daɗe kafin ya tura. Komai na nan yadda marigayiya ta bar shi. Ludayi a rataye jikin ƙusar da shi ya kafa mata, tsumman sauke tukunya a ninke kan risho, 'yar kujerar zamanta da ya sha cewa zai sake wa yadi bai sake ba. Ya zauna a kai, gwiwoyinsa har ƙirji, ya yi kuka sosai, kukan da bai yi ba ranar da gida ke cike da mutane. Da ya gama ya share fuska da hannun riga, ya nemi ashana.

Mutumin da ke iya feɗe kujera ya mayar da ita sabuwa, sai ga shi shinkafa ta gagare shi. Ta farko ta kama, ya zubar. Ta biyu ta caɓe, amma ai mai laushi aka ce. Ya yayyanka hantar ƙanana-ƙanana, ya juye a kwano, ya fifita har ta huce, ya kai shago ya ajiye a gaban hancin Kwastoma.

Kare ya shinshina. Ya ɗago ido ya dubi Baba. Ya mayar da kai kan ƙafafunsa.

"Haba Kwastoma. Ci mana." Ya matsar da kwanon. "Hanta ce fa. Ni da kaina na dafa." Ya lallashe shi, ya yi masa faɗa, ya tuna masa duk kujerun da ya ɓata da gashi ba a ce masa komai ba. Ya dangwala romo a yatsa ya shafa masa a baki, karen ya kau da kai. Rana ta fara yin sanyi, abinci na ƙara hucewa, Baba ya ce, "Kai ma tafiya za ka yi ka bar ni? To ka gaya min da wa zan yi magana."

Mai walda ya daɗe a bakin ƙofa yana kallo. Can ya yi gyaran murya. "Baba, ni fa tun da ake burodin nan naku, ban taɓa ganin ya sa baki kafin kai ba. Kullum sai ka gutsura ka ci, sannan ka miƙa masa. Jiranka yake yi."

Baba ya dube shi, ya dubi karen. Ya tashi ya shiga gida, ya fito da tukunyar da cokali, ya zauna a ƙasa kusa da gadon katako. Ya ɗebi shinkafar ya kai baki. Lami ce salam, ba gishiri ba komai, amma da ɗuminta ya sauka cikinsa sai a lokacin ya san irin yunwar da yake ɗauke da ita. Ya ƙara cokali. Kunnen Kwastoma ɗaya ya ɗaga.

Ya ɗebo hanta daga kwanon a tafin hannu ya miƙa. Karen ya shinshina, ya lasa, ya tsaya. Sai ya buɗe baki ya ɗauka a hankali, ya tauna, ya haɗiye, ya sake ɗago ido yana jira. Baba ya kai cokali bakinsa, sannan ya miƙa hannu. Haka suka yi ta yi, shi ɗaya kare ɗaya, mai walda na tsaye ya kasa tafiya.

Da cokali ya fara karo da gindin tukunya, Baba ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

"Gobe in za ka kasuwa ka ƙaro hantar nan. Ta mutum biyu."