Farantan Innata a Bangon Zaure

Mijina ya yi mini ɓarna, kuma ko yanzu da yake ƙarƙashin ƙasa, Allah ya jiƙansa, ba zan canja wa abin suna ba. Na yafe masa tuntuni, amma mantuwa kam sai ranar da aka kai ni makwancina.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin ne, muna zaune a Kusfa, ina da 'ya'ya biyar, sannan na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci a Tudun Jukun. A shekarar mijin nawa, Malam, ya samu ciniki mai kyau a kasuwar fata, sai ya ce zai gyara zauren gidanmu. Ya ɗauko wani dattijon magini daga Ƙofar Galadima, gwanin zanen bango. Ni ban damu ba. Zaure wurin maza ne, ratsawa kawai nake yi, a makon aikin ma ta ƙofar baya nake fita.

Ranar da aka gama, bayan la'asar, Malam ya leƙo ɗakina yana murmushi. "Taso ki ga abin da zai hana Kusfa barci."

Gaskiya aikin ya yi kyau. An yi yaɓe mai kauri, an tayar da dagi da ganyaye har suka yi tudu, an shafe su da farar ƙasa. Cikin kwarin zanen aka sa shuni mai duhu, sai ka ga kamar bangon ya zurfafa. Daga ƙasa an tsoma soso a jan fenti an daddanna, wurin ya yi dabbare-dabbare. Ko'ina kuma wasu ƙananan abubuwa na ƙyalli idan rana ta shigo. Na ce, "Masha Allah." Na matsa na shafa ɗaya da yatsa.

Guntun tangaran ne, da rabin shuɗiyar fulawa a jikinsa.

Na janye yatsana. Na san fulawar nan tun ban san sunana ba. Farantan Innata ne, waɗanda aka yi mata jere da su, su kaɗai suka zo hannuna da ta rasu. Suna cikin adaka a ƙarƙashin gadona, na naɗe su da tsohon zanenta, ina jiran ranar da babbar 'yata za ta yi nata ɗakin. Na ɗaga kai, sai ga guda ɗaya cikakke an manna shi can sama, inda bakunan rufi suka haɗu. Har ɓallin da na yi masa ina ƙarama yana nan a gefensa. Sauran duk an farfasa su da guduma an watsa a bango.

Na ce, "Malam, wa ya buɗe mini adaka?"

"Ni mana. Kina makaranta. Kwanuka ne fa, suna kwance cikin duhu ba mai ganinsu. Yanzu kowa zai gani."

"Kowa? Ni da 'yata a ina za mu zauna mu gani?"

Maginin yana bakin ƙofa yana wanke hannu. Da ya ji, sai ya tsaya cak. "Subhanallahi! Alhaji, ai cewa ka yi tsofaffin kwanuka ne da aka daina amfani da su. Hajiya, wallahi sai da hannuna ya yi nauyi kafin in fasa na farko."

Malam ya yi dariyar borin kunya. "Zan sayo miki sababbi, dozin biyu ma."

Na ce, "In ka samu kasuwar da ake sayar da hannun uwata, ka sayo."

Ban yi kuka a gabansa ba. Abin da ya fi girgiza ni shi ne, mutumin nan ba mugunta ya yi ba. Bai taɓa zuwa masa a rai cewa abin da ke ɗakina nawa ne ba. Tun daga ranar na gane cewa mace in ba ta buɗe baki ta ce "wannan nawa ne" ba, da murmushi za a ɗauka, a kira ta ta zo ta yaba. Haka nake gaya wa jikokina mata, ba na sassautawa.

Da safe maƙwabta suka cika zauren suna santin aiki. Na yafa mayafina, na ɗauko tsanin rumbu da wuƙar girki, na yi sallama na ratsa tsakiyarsu. Wani ya ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce, "Lafiya lau, riƙe mini tsanin nan." Ya kuwa riƙe. Yaɓen bai gama bushewa ba. Na hau, na bi gefen farantin a hankali har ya saki, na sa shi cikin zanena na sauko.

Malam ya dubi ramin da ya rage a sama, ya ce a kira magini ya toshe. Na ce, "A bar shi haka." Har ya bar duniya ramin nan yana saman kansa, farantin kuma yana ɗakin 'yata.