Tonton Sanda da Bokitin Hajiya Balki

Ku da kuka san Tonton Sanda kun san bai taɓa shiga shagon da aka kira shi ya gyara wa kasuwanci a matsayin mai ba da shawara ba. Kullum a kiliyan yake zuwa, wato kamar mai saye. Zai sa tsohuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, ya tsaya bakin ƙofa, ya zuba wa agogon hannunsa ido, yana jiran ya ga yaushe za a ce masa sannu. Ni Ramatu ɗiyar ƙanwarsa ce, kuma da na gama karatun jami'a a Lamordé shi ya ɗauke ni aiki, don haka duk kunyar da ya jawo, da ni aka sha ta.

Ranar farko ma na ce a raina na bar aikin. Wani Alhaji mai shagon kayan lantarki a Kalley ya yi kukan ciniki ya tsaya. Muka je. Ma'aikata uku, kowa ya duƙa kan salularsa. Tonton ya tsaya, ya yi tari, ya yi gyaran murya, ba wanda ya ɗago. Sai kawai na ga ya sunkuci fanka sabuwa dal ya saɓa a kafaɗa ya fita!

“Tonton, don Allah!” na ce.

Bai kai bakin titi ba wani ya kwarma ihu: “Ɓarawo!” Wayyo Allah. Kun dai san abin da wannan kalmar ke haifarwa kusa da kasuwa. Kafin ka ce me, an zagaye shi, wani ya ci kwalarsa, wani ya ɗago benci. Ina kuka ina cewa kawuna ne, ba mai ji na. Allah ya sa Alhajin ya iso daidai lokacin, yana haki yana ture mutane.

Tonton ya gyara hularsa, ya miƙa masa fankar, ya ce, “Alhaji, na gano ciwon. A shagonka sai mutum ya yi sata ake kula shi.”

Mutumin da ke koya wa ƴan kasuwa tallar intanet, shi kansa ƴar salula mai maɓalli yake riƙewa, an ɗaure ta da roba. Ni ke karanta masa abin da mutane suka rubuta, shi kuma ya kishingiɗa ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. In na zo da murna na ce hoton wane ya samu masu so rututu, amsarsa ɗaya ce: “To, sai me?” Wani tela ya taɓa yi masa alfahari da yawan mabiyansa. Tonton ya leƙa shagon, ya ga keken ɗinki a rufe da zane, ya ce, “Masha Allahu. Suna bin ka zuwa ina? Ban ga ko ɗaya ya iso ba.”

Amma ranar da ba zan manta ba ita ce ta Hajiya Balki, mai atamfa a Babbar Kasuwa, wadda ta yi shekaru tana gina sunanta. Wata mata ta sayi turmi wurinta, ta wanke, ya zuba. Ta ɗauki bidiyo tana nuna jan ruwa tana kiran sunan shagon. Kafin azahar bidiyon ya zagaye salulolin Yamai.

Da aka kira mu, muka tarar da shagon kamar gidan makoki. Hajiya zaune, ɗankwali ya zame. Babban ɗanta Nasiru riƙe da salular shago, ya ce:

“Tonton, zan rubuta cewa ƙarya take, maƙiya ne suka turo ta. Sannan mu kai ta wurin ƴan sanda.”

“Mu ga salular.”

Nasiru ya miƙa masa. Tonton ko dubawa bai yi ba, ya cire hularsa, ya jefa salular ciki, ya mayar bisa kai.

“Mai fushi ba ya taɓa salula. A kawo mini bokiti da sabulu.”

Hajiya ta ɗago. “Malam Sanda, me za ka yi?”

“Wanki. Daga dilar da aka sayar mata, a nan bakin shago. Ramatu, buɗe taki salular, ki sa mutane su gani kai tsaye.”

“In ya zuba fa?”

“In ya zuba, Hajiya, ai matar ta yi gaskiya.”

Maƙwabta suka taru, har da masu jin daɗin abin, ana leƙe ta kan kafaɗa. Tonton ya naɗe hannun riga, ya tsoma atamfar. Ina riƙe da salula, gumi na shiga mini ido, ina karanta duk addu'ar da na sani. Ya cuɗa sau ɗaya, sau biyu. Ruwa ya koma ja kamar zoɓo.

Na fara sauke hannu.

“Ramatu, in kika kashe, kin bar aiki.”

Nasiru ya yi wuf ya ce ai mai kula da sito ne ya karɓi kayan bai duba ba, a kira shi ya yi bayani. Tonton ya nuna allon da ke saman ƙofa da hannunsa mai kumfa. “Sunan wa ke can? Na mai sito?”

Hajiya ta daɗe tana kallon bokitin. Na ɗauka korar mu za ta yi. Sai ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta dubi salular ta ce, “Ƴar'uwa, kin yi gaskiya. Laifina ne, ki yafe mini. Duk wadda ta sayi wannan atamfar ta maido, in canza mata.”

Kwana uku mata na sintiri da ledoji. Hajiya ta yi asara, ba ƙarama ba. Amma da yawansu ba su fita hannu wofi ba, har matar bidiyon ta zo da ƙawayenta suka yi ankon suna a wurin. Da ƙura ta lafa, Hajiya ta aiko wa Tonton shadda mai tsada don godiya. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce wa ɗan aiken, “Ka ce mata na gode. Amma a wanke tukuna.”

Rashin lafiyar mako guda ta ɗauke shi. Ranar jana'iza layin ƴan atamfa kaf aka rufe, na ce da yana nan da ya yi faɗa: wa ke rufe shago ranar Asabar? Na yi dariya, sai kuka ya ƙwace mini. Da yamma wasu mata suka shigo gaisuwa, masu sayar da kopto, wato kwaɗon zogale, da dambu a bakin gada, ban san ko ɗaya ba. Ashe duk Juma'a yakan zauna kan bencinsu ya nuna musu yadda za su jera kwanoni da yadda za su tari mutane, bai taɓa karɓar ko loma ba, bai kuma taɓa faɗa mana ba.

Allah ya jiƙan Tonton. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa, ya tarbe shi da rahama tun daga bakin ƙofa. Amin.