Lokacin da Aka Ce Jirginmu Ya Nutse

Ban yi boko ba. Ƙarfi ne ya kai ni aikin sojan ruwa, kuma a ɗakin inji na yi shi, cikin zafi da baƙin mai, har kunnena na hagu ya mutu. Jirginmu na yaƙi ne, ƙirar Turai, dogo, mai launin toka, da igwa a goshi. Kafin in hau shi, ruwan da na sani bai wuce fadamar garinmu Miga ba. Ya kai ni Abijan da Dakar, ya ciyar da ni, ya dawo da ni. Har na bar aiki wajen zuwan shari'a, na kama gadi a Yalwawa, ban taɓa zagin jirgin nan ba.

Saƙona gida na baki ne. Akwai direban motar goro da ke zuwa Dutse daga Ikko. In faɗa masa ina lafiya, shi kuma ya faɗa wa yayana a kasuwa. Da aka tura mu gaɓar Laberiya lokacin yaƙinsu, ba a bar mu mun sallami kowa ba. Aka ce a tada inji, muka tada.

Mun daɗe a can. Mu kai sojoji da abinci, mu tsare bakin tasha, wani lokaci mu kwaso waɗanda suka gudo, mata da tsofaffi, su cika saman jirgi suna amai. Daga ɗakin inji ba na ganin yaƙi, sai dai in ji ƙarfe ya girgiza.

Direban ya zo Ikko bai ga jirgi ba. Wani ɗan dako ya ce masa an nutsar da shi. Direban ya kai maganar Dutse yadda yake kai kowane saƙona, kuma bai taɓa kai ƙarya ba, don haka ba wanda ya yi shakka. Aka yi zaman makoki, aka raba gumba. 'Yata ɗaya ce, ba ni da ɗa namiji, don haka yayana yana da kaso a gado. Ya ce a raba gonata, mai ɗakina ta shiga takaba, in ta fita ta yi aure.

Suka je wurin malamin unguwarmu, tsohon da ya raɗa mini suna. Mai ɗakina tana bayan zana tana ji, ita ta ba ni labari.

"Wa ya wanke shi?" in ji Malam.

"Allah gafarta Malam, ruwa ne ya ci shi," in ji Yaya.

"Kai ka gani?"

"Direba ya faɗa."

"Shi ya gani?"

Yaya ya girgiza kai.

"To ba mamaci ba ne, ɓatacce ne. Matarsa jira za ta yi. Gonarsa noma ta za a yi."

Yaya ya daina gaishe shi. Malam bai kula ba. Da ruwa ya sauka ya aika 'ya'yansa gonata da shanun huɗa. Wani mai neman auren mai ɗakina ya aiko da goro, Malam ya mayar masa.

Da jirginmu ya dawo, na sauka Miga da hantsi, gero ya kai gwiwa. Taubashina ne ya fara ganina. Ya ja da baya, ya kalli ƙafafuna da kyau, sannan ya matso.

"Kai fatalwa, ka cuce ni. Na yi kuka a banza, gumbarka kuma ko zuma babu."

"In taka ta zo zan sa," na ce masa.

Na wuce wurin Malam kafin in shiga gida. Na durƙusa a gabansa.

"Tashi," ya ce. "Je ka gaida yayanka. Ba mugu ba ne, shi ma kuka ya yi."

Na je na gaishe shi.

Mai ɗakina ta kawo mini ruwa, ta juya baya ta daɗe tana goge ido da gefen zane. Da ta juyo sai ta ce, "Maigida, gonarka ta kai maimai."

Washegari na ɗauki fartanya.