Kilif na Biyu

Ni ne na yi laifin, ba Kawu Bitrus ba. Shekara goma sha tara ina riƙe da wannan magana kamar wanda ƙayar kifi ta tsaya wa a maƙogwaro, yau dai zan faɗe ta yadda ta faru.

Ranar wata Juma'a ce da safe, a tsakiyar hutun zafi, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ina kwance rigingine a ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, cikin kicin ɗin wani jirgin ruwa na katako da ke ɗaure a bakin tekun Doha, gumi yana shiga mini ido, ƙarnin kifi da warin man dizal sun cika mini hanci. Kawu Bitrus yana tsugune a kaina riƙe da tocila. Ya miƙo mini sukudireba da kilif guda biyu, wato zoben ƙarfen nan mai ƙusa da ake matse bakin tiyo da shi, ya ce, "Injiniya, hannuna ya yi kauri, naka ne zai shiga lungun nan. Biyu za ka ɗaura, ɗaya bayan ɗaya."

Kawu Bitrus ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Mutumin Kagoro ne, makanikin jiragen ruwa, yana zaune shi kaɗai a ɗakin bakin ƙofa na tsohon gidan da muke haya a unguwar Bin Omran. Gida ne mai tsakar gida ɗaya da iyali huɗu: mu, da wasu 'yan Sudan, da wasu Indiyawa, sai shi. Babana yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, sau da yawa ba ya gida, don haka Kawu ne ke gyara mana famfo in ya ɗiga, shi ke ɗauko tukunyar gas ya kai wa Umma har kicin, ita kuma ba ta taɓa tuƙa tuwo ba ta zuba masa nasa kwanon ba. Ranar Lahadi in ya dawo daga sujada yakan zo mini da shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, a kofin takarda. Ranar Juma'a kuwa shi ke duba agogo ya ce, "Yalla, Habibu, tashi ka yi alwala, kada Alhaji babanka ya ce na mayar da kai arne." Shi ya tsinto mini keke a bola, ya wanke shi da kananzir, ya sa masa sabon birki. A kan keken nan muke tsere da yaran unguwa bayan la'asar, daga kantin Ba'indiye zuwa bishiyar kurna. Matsalarsa ɗaya ce: sirdin ba ya zama, da na taka da ƙarfi sai ya zame ƙasa, yara su yi ta mini dariya.

Jirgin na kafil ɗin Kawu ne, mutumin da takardar zamansa a ƙasar take hannunsa. Yakan fita da iyalinsa kamun kifi, kuma ruwan daɗin da ke tankin jirgin ba ya kai su yamma, saboda mai dafa abinci yana ƙarar da shi wajen wanke-wanke. Shi ne Kawu ya ba da shawarar a sa famfon ƙafa mai jawo ruwan teku: a taka da ƙafa, hannu biyu suna kan kwano, a wanke maiƙo da ruwan gishiri, sannan a ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. Na zauna ina kallonsa yana aikin tun sassafe. Ya kafa famfon a ƙasan kabad inda ƙafa za ta same shi, ya sa 'yar rariya don tare ciyawar teku, ya ja tiyo daga famfon zuwa bawul ɗin da ke can ƙasan jirgin, inda ruwan teku ke shigowa. A bakin bawul ɗin ne hannunsa ya ƙi shiga.

Na tambaye shi me ya sa sai biyu. Ya ce, "A gida kai ke bin ruwa da guga. A nan ruwa ne ke binka, ƙofa kawai yake nema." Na ji maganar, amma ba ta shige ni ba. Ni a sanina famfo abu ne da ake roƙo ya kawo ruwa, in an je hutu Kano har layi muke bi. Ban taɓa ganin ruwan da ya zo ba a kira shi ba. Kilif ɗin kuma yana ƙyalli a tafin hannuna, faɗinsa daidai da ƙarfen sirdin kekena. Na ɗaura ɗaya iya ƙarfin yaro, na zura ɗayan cikin aljihu.

"Biyu ka ɗaura?"

"Biyu, Kawu."

Bai leƙa ba. Ya buɗe bawul, ya taka famfon, ruwa ya feso a kwano, ya dafa kaina yana dariya. Wannan dafawar har yau ina jin nauyinta.

Washegari da hantsi jirgin ya fita da mai shi da matarsa da jikokinsa. Girgizar inji ta yi ta sassauta tiyon har ya suɓuce, teku ta samu ƙofar da take nema. Kafin su gane daga ina ruwan ke shigowa ya kai idon sawu a cikin kicin, ya jiƙa darduma da buhun shinkafa, yara suna ta kuka. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya rasa ransa. Amma da aka duba aka ga kilif ɗaya maimakon biyu, mai jirgin ya kira Kawu gaban sauran ma'aikata, ya ce mutumin da zai yi wa ran jikokinsa ƙwauron zobe ɗaya ba zai ƙara taɓa masa jirgi ba. "Khalas," in ji shi, wato shi ke nan. A lokacin nan in kafil ya faɗi haka, zama ya ƙare. Kawu bai ce yaro ne ya ɗaura ba. Takardar zuwan matarsa daga Kagoro da ya shekara biyu yana bi, saura kaɗan ta fito.

Da yammacin ranar ina shanya a tsakar gida ya shigo. Kekena yana jingine da bango. Ya wuce shi, sai kuma ya dawo da baya, ya tsuguna. Ya sa babban yatsansa a kan kilif ɗin da na ɗaura a ƙarƙashin sirdi, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da mutum ke yi wa tsanin da ya yarda da shi ya karye masa a tsakiya. Ya ce, "Sirdin ya zauna yanzu?" Na sunkuyar da kai ina matse rigar da ta riga ta tsane.

Mako uku ya yi yana haɗa kaya. Sau nawa Baba ya zauna da shi yana cewa wallahi bai yarda Bitrus zai yi irin wannan sakaci ba, Kawu sai ya ce, "Alhaji, bar shi kawai, hannu yana mantuwa." Ina jin su daga bayan labule. Ranar tafiyarsa na ɓuya a kan rufin gida tsakanin tankunan ruwa har motar ta tashi. Ya bar wa Umma akwatin sifanoninsa, ya ce a ba Injiniya in ya girma.

Da sifanonin nan nake cin abinci yau. Ban yi nisa a karatu ba, gyaran famfo nake yi a benayen unguwar Al-Sadd, nan Doha. Gidan Bin Omran an rushe shi, an yi bene, ba tsakar gida, maƙwabci bai san mai tuwo da mai shinkafa ba. Jiragen yanzu maɓalli ake dannawa ruwa ya zo, da wuya ka ga mai takawa da ƙafa. Baba ya rasu bai sani ba. Keken ya ruɓe tuntuni, amma kilif ɗin na ƙarfen jirgi ne, ba ya tsatsa, ni ma abin bai yi tsatsa a zuciyata ba.

Bara da na je hutu na hau mota har Kagoro. Na same shi a gindin mangwaro, kansa ya yi fari fat, yana gyara wa wata mata famfon burtsatse. Ya gane ni tun daga nesa, amma bai miƙe ba. Na cire takalmi, na durƙusa, na ajiye kilif ɗin a gaban ƙafarsa.

Na ce, "Kawu, ɗaya na ɗaura. Kun tambaye ni na yi muku ƙarya, kun rufa mini asiri na bar ku kuka tafi da kunyata. Don girman Allah ku yafe mini."