Yaya Mutari, mai auna kuran da kunne

Shekara shida ke nan da aka fito da gawar yayana, Mushe Mutari kamar yadda ake kiran malaman boko a wajenmu, daga gidanmu na Birni. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in ɗauki alƙalami in ajiye. Abin da ya zaunar da ni bana ƙaramin abu ne. Na kai rediyota Kasuwar Dole wurin mai gyara, bai ko kwance ta ba, ya juya ta gaba da baya ya ce, "Hajiya, ki sayi sabuwa." Ban ga laifinsa ba, haka zamanin ya zo masa. Amma na dawo gida ina tunanin mutumin da bai taɓa cewa abu ya mutu ba sai ya auna shi.

Yaya ba mai gyara ba ne. Malamin lissafi da fizik ne a kwalej. Mahaifinmu baduku ne, kuma a zauren da tsohon ke yankan fata Yaya ya kafa teburinsa, ya cika shi da matattun rediyoyi da gwangwanayen tumatir cike da ƙananan kayan da yake ɓallowa daga cikinsu. Idan ya taso daga lekwal, wato makaranta, ya yi la'asar, nan za ka same shi har magariba. Maƙwabta su kawo, ya gyara, su tafi da godiya. Abin da ya fi so a teburin shi ne testa, wato ma'auni mai allura na kuran, wutar lantarki ke nan. Ka ɗora bakin fil biyu, wato wayoyinta, a kan abu, allurar ta motsa, ta faɗa maka ƙarfin kuran da ke wurin. Ni a lokacin wasan babban mutum na ɗauke shi. Na yi karatun jinya, ina ganin ni ce mai aikin da ya shafi rai a gidanmu.

Ciwon suga ya kama shi yana gab da retret, wato ritaya, ya kuma fara da idanu. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa ganin raguwa zai yi ta yi har ya ƙare. Mu muka shiga kuka, shi ya shiga zaure. Watannin ƙarshe da yake iya ganin abu idan ya kawo shi daf da fuska, kan aiki guda ya ƙarar da su. Ya haɗa wani ɗan akwati daga kayan tsohuwar rediyo, ya sa masa ƙaramar lasifika, ya jona shi da testarsa. Idan kuran ya yi ƙarfi akwatin ya yi kuka siriri kamar sarewa, idan ya ragu kukan ya yi kauri. Ya yi ta gwada shi da batir iri-iri, yana kallon allura yana saurare, har kunnensa ya haddace abin da ido ke gani. Ranar da allurar ta ɓace masa gaba ɗaya, bai fasa awo ba.

Duk wannan a gabana aka yi, amma ban san girmansa ba sai wata bazara da nake majo, wato shugabar ma'aikatan jinya, a wani ƙaramin asibitin ƙauye ta wajen Guna. Muna da firigo mai aiki da panon hasken rana da batir, a ciki muke ajiye maganin rigakafin yara. Maganin ba ya son zafi. Idan ya ɗumama ya lalace, kuma ba a ganewa da ido. A wannan bazarar ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan gabas da mu, aka turo magani, muka sa ranar fita. Sai firigo ya fara tsayawa. Da safe lafiya lau, bayan azahar sai ya yi shiru. Sau biyu aka turo teknisiyan daga gari, duk zuwansa da hantsi, ya tarar yana aiki. Zuwan farko ya canza batir. Na biyu ya ce injin ne ya gaji, a jira sabo, sabon kuwa ba a san ranar zuwansa ba. Na mayar da maganin cikin akwatin sanyi, ina aikawa Damagaram a kawo ƙanƙara a kan moto, wato babur, kullum da fargabar ranar da ba za ta iso ba. A makon aka kawo mini jaririya 'yar wata goma, ƙyanda ta sauka mata a ƙirji. Ba ta kwana biyu ba.

Ranar Juma'a na zo gida ina ba matarsa labari a tsakar gida, ashe yana ji daga zaure. Ya kira ni.

"Fasuma, da wane lokaci yake tsayawa?"

Na ce bayan azahar.

"Kullum?"

"Kullum, Yaya."

"Injin da ya mutu ba ya duba agogo. Gobe ki tafi da ni."

Na yi jinkiri. Na ji kunyar a ce majo ta kawo makaho ya duba abin da mai takarda ya duba har sau biyu. Allah ya yafe mini wannan tunanin. Na tafi da shi don ba ni da wata dabara.

Mun isa da hantsi. Ya shafa firigon, ya sa na kai hannunsa kan batir, sannan ya nemi tabarma ya zauna. Ya ce ba abin da zai taɓa sai cutar ta zo da ƙafarta. Ya yi ta hira da matan da suka zo awo, ya sha fura, ya yi azahar. Can rana ta take, ɗakin ya ɗauki zafi, injin ya yunƙura zai tashi, ya yi ƙit, ya tsaya. Yaya ya miƙe kamar an kira sunansa.

Ya ce in ɗora bakin testa a kan batir. Akwatin ya yi kukansa siriri, ya ce batir lafiya yake. Ya ce in ɗora a bayan firigo inda fil ke shiga, in jira injin ya sake yunƙuri. Da ya yunƙura sai kukan ya faɗi ya yi kauri, har ni da ban iya ba na ji bambancin. Ya ce, "Kin ji? Kuran ya baro batir da ƙarfinsa, bai iso nan da shi ba. A hanya ake tare shi." Ya bi fil ɗin da bayan yatsunsa, taki-taki, har bangon yamma, bayan kabad ɗin magani. Nan ya tsaya ya ce wurin da ɗumi. Muka ja kabad ɗin. Ashe an taɓa ƙara fil a wurin, aka murɗa biyu aka naɗe da robar tayar keke. Da na warware, tagullar ta yi kore, silin da suka rage a haɗe 'yan kaɗan ne. Da sanyin safe suna iya ɗaukar kuran. Idan rana ta daki bangon, injin kuma yana neman ƙarin ƙarfi, sai su gaza.

Ya zo da ƙarfen narka dalma irin na da, wanda ake gasawa a garwashi. Na hura gawayi, ya cire kan batir, ni na yanke, na kankare, na narka dalma yadda yake faɗa mini, shi yana shafawa yana cewa a sake. Sau uku na sake. Aka mayar da batir, injin ya tashi, bai ƙara tsayawa ba har na bar wannan asibitin. Mun fita rigakafi ranar da muka sa. Na tuna ina tsaye ina kallonsa yana naɗe fil ɗin testarsa a hankali, idanunsa a buɗe suna kallon inda ba kowa. Na yi shekaru ina ganin ikon Allah a ɗakin haihuwa. Ban taɓa zaton zan gan shi a bayan kabad ɗin magani ba.

Shi kuwa a hanyar komawa abin da ya dame shi daban ne: da firigon ya tsaya ranar da ba kowa a ɗakin fa? Yana son abin da zai yi ƙara idan sanyi ya fara guduwa. A lokacin 'yarsa Zuwaira tana karatun informatik, ilimin kwamfuta, ta zo hutu da wani ɗan allo da bai kai tafin hannu ba, wanda ake rubuta wa umarni a ordinater, wato kwamfuta, ya bi. Mutumin da ya haura sittin, ba ya gani, ya ce ta koya masa. Tana karanta masa layi-layi, har da waƙafi da baka, yana tambaya, yana riƙewa a ka. Na sha jin ya ce ta koma layi kaza, akwai bakar da ba a rufe ba, ta duba ta tarar haka ne.

Wata rana ina wurin. Sun haɗa abin, yana karanta zafi daidai, amma sai ya yi ɗan aiki ya ƙame. Zuwaira ta kwana biyu tana fama, ta canza fil, ta canza allon ma, har ta fara hawayen haushi. Ya ce ta kunna, ta duba agogo, ta faɗa masa daidai lokacin da yake ƙamewa. Ta gwada sau uku ta ce, "Baba, sakan talatin da biyu da 'yan kai, kusan da uku. Kowane gwaji haka." Ya tambaye ta da me allon ke ƙirga lokaci, ta ce yana raba sakan gida dubu ne. Leɓunansa suka yi ta motsi yana lissafi, sannan ya ce, "Dubu talatin da biyu da ɗari bakwai da sittin da takwas. Ki ɗauki ɗaya ki yi ta ninka ta, a ninki na goma sha biyar nan za ki sauka. Kayanki lafiya suke. Mazubin da kika ba lambar ne ya cika, ki ba ta babba." Ta canza kalma ɗaya a cikin rubutun. Abin ya wuce minti, ya wuce awa. Zuwaira ta ajiye ordinater ta yi ta kallon ubanta, ni ma haka.

Yau wannan ne aikin Zuwaira a Yamai. Tana gaya mini yanzu mai irin tambayarta wayar salula yake tambaya, ta ba shi amsa kafin ya rufe baki, kuma akwai testa mai faɗin lamba da murya. Nakan tambayi kaina me zai ce. Ban ɗauka zai yi ƙorafin tsofaffi ba. Yaya mai son sabon abu ne, da ya hana salular nan hutu, da kuma ya yi murna da panon da ya hau rufin gidaje daga Zango har Dakusa. Abin da nake jin zai dame shi shi ne ƙarancin masu iya zama kusa da abu daga hantsi zuwa azahar suna jiran ya nuna cutarsa.

Akwai abin da har yanzu ke ci mini rai. Mutumin nan da ba ya yarda da zato, ya ƙi a auna sugarsa. Abin awon yana jakata, ɗigon jini ɗaya ne a yatsa, sai ya ɓoye hannu cikin riga ya kawo wata hira. Na yi lallashi, na yi fushi, na haɗa shi da limamin unguwa. Sau ɗaya ya ba ni amsar gaskiya, wata uku kafin ƙodarsa ta tsaya. Ya ce, "Fasuma, duk abin da na taɓa aunawa, ina da abin gyara shi a tebur. Wannan idan kin faɗa mini lambar, me zan yi da ita?" Na ce akwai abin yi, da yawa ma. Gaskiya na faɗa, shi ma ya sani. Tsoro ne, irin na kowa. Na daɗe ina jin haushinsa a kan wannan. Yanzu idan na tuna, mamakina ƙaruwa yake, don na gane duk abin da ya yi da kunnensa, mutum mai tsoro irina ne ya yi shi.

Idan ana maganar abin da ido ke gani, bai bar komai ba. An raba kayan teburin, zauren ya koma wurin ajiyar hatsi, asibitin ma an kawo masa sabon firigo mai abin ƙararsa. Bara na koma ƙauyen bikin suna, na dace da lokacin tashi daga lekwal. Yara suka fito da gudu, sa'annin waɗanda muka yi wa allura a wancan makon. Na tsaya gefen hanya har suka wuce. Ban san wanne daga cikinsu ƙyanda za ta ɗauka ba da maganin ya lalace, ba kuma wanda zai taɓa sani. Ko ɗayansu bai taɓa jin sunan Mutari ba. Allah da ya san lissafin ya biya ka, Yaya, ya haskaka makwancinka, ya mayar maka da ganin da ya karɓa.