Wayar da Na Sayo wa Baba

Ko da zan manta da komai na shekarun da na yi ina jinyar mahaifina, ba zan manta da Juma'ar da eriyarsa ta tsinke ba, domin ni na jawo.

Baba ya yi aikin sadarwa a gwamnati har ya yi ritaya, ya dawo gida Talata Mafara da wata rediyon oba-oba babba da lasisinta. Da ita yake hira da masu irin sha'awarsa a ƙasashe daban-daban. A cikinsu akwai wani tsoho a can ƙetaren teku, wanda suka shafe shekaru suna gaisawa duk Juma'a bayan la'asar. Ba su taɓa ganin juna ba, ba su da lambar wayar juna. Da ciwon suga ya cinye wa Baba ido, wannan hirar ce ta rage masa. Mu kuwa a gida kallon wasan tsofaffi muke yi wa abin.

Wata Juma'a ya kira ni ɗakinsa. Ya ce abokin nasa ya shaida masa 'ya'yansa za su ɗauke shi su mayar da shi birni, gidan da ba a yarda a kafa eriya ba. Juma'ar ƙarshen wata ita ce ta ƙarshe da za a ji shi a rediyo. Doguwar wayar da Baba ya ɗaura a bishiyar darbejiya ta yi rauni, da ƙyar suke jin juna. Yana so mu haɗa wata eriya mai kusurwa huɗu: a gicciya gora biyu, a zagaye bakinsu da waya, a yi irin haka guda biyu, a ɗaga sama.

"Gora ba ta da wuya," in ji shi. "Waya ita ce magana. Jan ƙarfe zalla nike so, mai silli da yawa a murɗe. In ta yi kauri, ta lanƙwasa gora. In ta yi siriri, iska ta ja ta, awo ya ɓaci. Ka tahi Bakura, wurin mai naɗin wayar injin ban-ruwa da ke bayan kasuwa. Shi ya san abin da nike nuhi."

Na ce to. Amma lokacin dashen shinkafa ne a gonakin madatsar Bakolori, ma'aikata na jirana a gona, ga hanya ba daɗi a shekarun nan. Ran Talata na shiga kasuwar garinmu, na tsaya wurin wani mai kayan lantarki. Ya nuna mini wata waya ja, sai ƙyalli take yi. Na kankare bakinta da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya. Na gani da idona. Na ce a raina waya ai waya ce, kuma mai ita ba gani yake yi ba.

Da na kawo, Baba ya karɓa ya daɗe yana murza ta tsakanin yatsunsa. Ya lanƙwasa, ya miƙe, ya ɗaga ya ji nauyinta. Na zuba masa ido, domin mutum ne da a da yake gane waya da taɓi kawai.

"Ta Bakura ce?"

"Ita ce, Baba."

"To madalla. Allah shi yi maka albarka."

Kwana uku muka yi muna aikin da yamma. Yana zaune a tabarma yana faɗa mini awo da ka, ni ina yanka ina ɗaurewa. Da na zo liƙa mahaɗa, dalma ta ƙi kamawa, sai na murɗe bakin da filaya na yi shiru. Muka ɗaga ta a kan bututun ƙarfe, maƙwabta suna leƙe. Da ya gwada, muryoyi suka shigo tangaran. Na daɗe ban ga haƙoran Baba a waje kamar ranar ba, har na fara gaya wa kaina ai ban yi laifin komai ba.

Ranar Juma'ar, muna dawowa daga masallaci hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Bai yi wani ruwan kirki ba, amma da ya lafa sai na tarar da wayar ta tsinke a kusurwa uku, tana lilo. Na hau na sauko da ita. Duk inda na kama zan murɗe sai ta karye a hannuna kamar busasshen kara. Har aka kira la'asar ina fama. A ƙarshe na mayar masa da tsohuwar wayar darbejiya, wadda iskar ta sa ta saki ta kusa taɓa ƙasa.

Mun ji mutumin. Murya ce ƙarama cikin shuuu, yana kiran lambar Baba ta rediyo. Baba ya danna maɓallin magana ya amsa, ya sake amsawa, ya ɗaga murya har tari ya sarƙe shi. Can ba a jin sa. Tsohon ya kira sau da yawa, yana dakatawa yana saurare. Daga baya ya ce ko abokinsa yana ji ko ba ya ji, ya gode da shekarun nan, Allah ya ba shi lafiya. Sai shuuu ɗin kawai ya rage.

Baba ya kashe rediyon. Ya ce in miƙo masa guntun wayar da ta karye. Ya shafa bakinta, ya daɗe. Na tsaya jiran faɗa.

"Mai naɗin nan ba ya ha'inci," in ji shi a hankali. "Kuskure ya yi wurin ɗauko ta, ya san zan duba. Ni ne na taɓa wagga waya na ce ta yi. Ido ya tahi, na ce ina da hannu. Ashe hannun ma ya bar ni."

Ya ɗora hannayen a kan gwiwarsa yana juya su. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa na gaya masa gaskiya duka: ban je Bakura ba, na kankare wayar, na ga farin, na kawo masa a haka.

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Ka gani, ka kawo?"

"Na gani, Baba. Ka yafe mini."

"Na yahe. Amma hannun dai bai gane ba, wannan ba kai ka yi shi ba. Tashi ka tahi, magariba ta yi kusa."

Washegari na je Bakura. Mai naɗin da ya ji wanda ya aiko ni, ya shiga can ciki ya fito da wayar, mai nauyi, ja har cikinta, dalma na taɓa ta take kamawa. Eriyar da muka sake haɗawa da ita ta ci damina huɗu a tsaye, har Allah ya karɓi Baba. Ya yi sababbin abokai da ita. Amma duk Juma'a bayan la'asar sai ya fara kiran lambar tsohon nan sau uku kafin ya kula kowa, kuma ba a taɓa amsawa ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya dogara da idonka don nasa ya tafi, amana biyu ya ba ka: ta aikin, da ta ɗan abin da ya rage masa na yarda da kansa. Ta farko in ka ci, kana iya gyarawa washegari. Ta biyu ba ni da tabbacin na taɓa mayar wa Baba da ita.