Sueko da Gawayin Damina

Sueko Tamaki tana da katsalandan, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. In ta ga mutum yana aiki ba daidai ba, sai ta faɗa masa, ko ta san shi ko ba ta san shi ba. Ta gyara wa direban bas yadda zai yi kwana a hanyar dutsen ƙauyensu. Ranar jana'izar mijinta ma, sai da ta nuna wa masu ɗaukar akwatin cewa sun riƙe shi a karkace.

Shekara arba'in da ɗaya ta yi a bakin tanderun gawayi a duwatsun Wakayama. Mijinta, Genji, shi ke saro itacen ubame ya jera a ciki. Ita ke jawo gawayin da dogon ƙarfe yana ja zur, ta binne shi da toka da ƙasa har ya huce ya yi fari. Da Genji ya mutu, ta ci gaba da aikin tare da ƙaninsa. Gashin girarta ya ƙone tun tana da shekara talatin, bai sake fitowa sosai ba.

Ɗanta ɗaya ne, Shigeru, ma'aikacin tashar jiragen ruwa a Kobe. Ya kai arba'in da biyu bai yi aure ba, kuma ba laifinsa kaɗai ba ne. Shekara tara da suka wuce ya kawo wata yarinya gida, Sueko ta karɓe wuƙar hannunta ta nuna mata yadda ake yanka kifi. Yarinyar ba ta dawo ba.

Yanzu ya sami Chizuru, 'yar wani likitan haƙori mai suna Okazaki. Aka sa ranar da iyaye za su ci abinci tare su ga juna, a wani gidan abinci mai tsada a Kobe, inda ake gasa wa mutum nama a gabansa. Okazaki bai ce e ba tukuna. Ya ce sai ya ga uwar.

A jirgin ƙasa Shigeru ya ce, "Mama, awa biyu kacal. Ko a kife suka kawo miya, ki sha."

"In a kife take, ta ina zan sha?"

"Mama!"

"Na ji. Zan zauna kamar tulu."

Damina ce, kwana shida ana ruwa. Aka zaunar da su biyar a jere gaban faffaɗan ƙarfen suya, ga murhun gawayi a gefe ɗaya. Chizuru ce a bakin murhun, cikin kimono, doguwar rigar alharini ta mahaifiyarta, sai Sueko kusa da ita. Mai gashin naman magidanci ne da doguwar farar hula. Ya rusuna, ya fara da jatan lande.

Sueko ta cika alkawari. Mai gashin ya bar tafarnuwa ta soma ƙonewa, ta kalli silin. Matar Okazaki ta tambaye ta ko aikin gawayi ba ya ɓata fata, ta ce yana ɓatawa kawai. Okazaki kuwa haƙoranta yake ta kallo.

Da aka zo kan naman sa, mai gashin ya ɗebo sabon gawayi guda biyu daga kwandon da ke ƙasa. Suka bugi juna a bakin awartakinsa. Busasshen gawayin ubame ƙara yake yi kamar an buga ƙarfe. Wannan sautinsa a toshe yake. Ya sha danshin damina, kuma irinsa in aka jefa shi tsakiyar garwashi ba a fara gasa shi a gefe ba, fashewa yake yi.

Ta dubi Shigeru. Yana zuba wa Okazaki giyar shinkafa da hannu biyu, gumi a goshinsa. Ta dubi fuskar Chizuru, wadda ba ta fi kamu biyu da murhun ba.

"Bawan Allah, aje shi a gefe ya yi ɗumi tukuna," in ji ta.

Mai gashin ya yi murmushin da ake yi wa tsofaffi. "Kada ki damu, Baba. Gawayinmu mai kyau ne, daga Wakayama yake."

"Na san daga inda yake. Jiƙaƙƙe ne."

"Mama," in ji Shigeru a hankali.

Mai gashin ya tura gawayin tsakiyar wuta. Sueko ta miƙe, ta kama ɗamarar kimonon Chizuru ta baya ta fizge ta, ta ɗauki wani tiren katako ta tare tsakaninta da murhun. Matar Okazaki ta yi ƙara. Babu abin da ya fashe. Sueko na tsaye da tire a hannu, ɗamarar da aka yi awa guda ana ɗaurawa ta kwance, duk mutanen ɗakin suna kallo. Shigeru ya rufe ido.

Sannan gawayin ya fashe, tau! Wani guntu ya daki tiren, wani ya sauka a bayan hannunta. Ta kaɗe shi kamar ƙuda.

Mai gashin ya cire hula yana ta rusunawa. Manaja ya zo a guje da ƙanƙara. Sueko ta ce ƙanƙarar ta yi yawa, kuma su ɗauke kwandon nan daga ƙasa kusa da famfo.

Okazaki ya karɓi tiren, ya sa yatsa a ramin da wutar ta yi. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya juya ga Shigeru.

"Kai, kullum haka take?"

"Kullum," in ji Shigeru.

"To me ya sa ka ce mana mai shiru-shiru ce? Awa guda ina zaune ina cewa matar nan ba ta son 'yata."

Chizuru tana riƙe da ɗamararta da hannu ɗaya, tana dariya har da hawaye. "Mama, ba ki ci namanki ba," ta ce. Karo na farko ke nan da ta kira ta haka.

Sueko ta ci. Ta ce naman ya yi daɗi, gishiri ne dai ya ɗan yi yawa. Okazaki ya ce shi ma ya ji haka, kunyar faɗa ya yi. Kafin a kawo shinkafa, ya fiddo ɗan littafinsa na kwanan wata, ya ce kaka ta fi dacewa da biki. Ya tambaya yaushe za su hau dutse su gaida dangin ango.

"Ku zo ran sha biyu ga wata, ranar muke fidda gawayi," in ji Sueko. "Kada ku kawo mini alewa, ba na ci. Ku sa tufafin auduga, kada kowa ya sa na roba, tartsatsi narkar da shi yake. Kuma ku zo da mai gashin nan. Hannunsa yana da kyau, ba a dai taɓa nuna masa ba ne."